Khal mai shekara 25: wasiƙa daga Modena zuwa ga Yayana a Dawanau

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da kasuwa. Mu ma nan lafiya lau, sai dai sanyi da hazon da ke rufe gari, wata rana tun asuba har azahar ba a ganin rana.

Na ji saƙonka game da zumar da mutumin nan yake kawo maka daga kudancin Kaduna, da tambayar da ka yi ko za ta samu kasuwa a nan. Ka kuma tambaye ni me ya sa duk abin da aka ce na Italiya ne sai kuɗinsa ya ninka na kowa, takalmi ne, tayil ne, ko man zaitun. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. Zan biyo da kai ta wata hanya da za ka ga kamar ba ruwanta da zuma, amma ka daure ka bi ni.

Lardin da nake zaune, Modena, ya yi suna a abubuwa da dama. A garin Maranello ake ƙera motar Ferrari. Galibin tayil ɗin Italiya daga yankin Sassuolo yake fitowa, inda nake aiki. Amma in ka zauna da dattawan garin, abin da suka fi tinƙaho da shi wani khal ne baƙi mai kauri da ake yi da ruwan inabi, balsamiko na gargajiya. Kwalbarsa mililita 100 ce kacal, ba ta cika rabin kofin mai shayi ba. Wanda ya yi shekara 12 a ajiye ana sayar da shi wajen yuro 50 zuwa sama, wanda ya yi shekara 25 kuwa sau da yawa yakan kai yuro 100 ko ya haura. Kai da ke lissafin canji kullum, ka juya wannan zuwa naira ka gani.

Na san abin da zai fara zuwa ranka. Ba giya ba ce. Ruwan inabin yakan tsima kafin ya juye ya zama khal, kamar yadda kowane khal yake yi, kuma wanda ya kammala ba ya sa maye. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim inda Manzon Allah (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci ka fi ni saninsa. Malamai sun haɗu a kan halascin wanda ya juye da kansa, saɓaninsu yana kan wanda mutum ya ɗauko giya ya juyar da ita da gangan. Shi ya sa ni na tsaya a kan na gargajiyan, wanda dafaffen ruwan inabi ne kaɗai aka zuba a ganga aka bar shi.

Giyarsu kuma tana nan, kuma ita ma haka suke yi mata. Jar giyar Barolo ta yankin Piemonte doka ba ta yarda a fito da ita kasuwa ba sai ta yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako. Ta Brunello a Toskana sai a shekara ta biyar bayan girbi. Masu kuɗi su saya su ƙara ajiye ta shekara 20 ko 30 a ƙarƙashin ƙasa. Abokan aikina suna ba ni labarin yadda masu ɗanɗanonta ke kurɓa, su kurkure baki, su tofar, su ce wannan ɗanya ce, baurinta bai kwanta ba, a dawo mata bayan shekara goma. Wannan ba hurumina ba ne kuma ban kusance shi ba. Na kawo shi ne don ka ga halin mutanen: sun yarda cewa akwai kayan da jira ke ƙara masa daraja, kuma sun rubuta tsawon jiran a doka.

Wani dattijo da muka yi aiki tare kafin ya yi ritaya shi ya nuna mini yadda ake yin khal ɗin. Gidansa yana wani ƙauye a gefen tuddai. Ya ce in biyo shi sama. Tun muna kan matakala ƙamshin ya tare ni, mai tsami da zaƙi a haɗe, har idona ya kawo ruwa. Can ƙarƙashin rufin gidan, inda mutum ba ya iya miƙewa sosai sai a tsakiya, ga ganguna shida a jere a kan katako, babbar za ta ci wajen lita 60, ƙaramar ba ta wuce lita 10 ba. Kowace an yanke mata baki a sama an rufe da farin ƙyalle, an ɗora ɗan dutse don kada ya zame. Ƙyallen ya yi baƙi a gefe-gefe. Gangunan ma ba itace ɗaya ba ne. Akwai ta itacen rovere, akwai ta kastanyo wanda ake gasa 'ya'yansa a bakin titi da hunturu, akwai ta ceri, akwai ta jelso wanda tsutsar alharini ke cin ganyensa, akwai ta jinefiro mai ƙamshi mai ƙarfi. Kowane itace da abin da yake bai wa khal ɗin, wani launi, wani ƙamshi, wani kuma yana barin ruwa ya tsotse da sauri.

Aikin yana farawa ne a watan Satumba, lokacin girbin inabi. Irin da suka fi amfani da shi Trebbiano ne da Lambrusco, kuma dole a lardin aka noma shi. A matse, a zuba ruwan a babbar tukunya buɗaɗɗiya, a dafa a hankali tsawon yini ko fiye, ba a barin ya tafasa da ƙarfi, har ya ƙafe ya koma kusan rabi. Ba a sa masa komai, ko sukari ko kala ko gishiri. Sai a bar shi ya tsima, sannan ya shiga babbar ganga.

Dalilin ajiye shi a ƙarƙashin rufi shi ne yanayin garin. Da bazara wurin yana zafi ƙwarai, khal ɗin yana aiki, ruwansa yana tsotsewa, wajen kashi ɗaya cikin goma yakan tafi a iska duk shekara. Da hunturu sanyi ya tsayar da komai, gurɓin ya kwanta a ƙasa, khal ɗin ya washe. A lokacin sanyin ne, sau ɗaya a shekara, mai gangunan yake taɓa su. Ya ɗebi ɗan kaɗan daga ƙaramar ganga, abin da iyali za su ci ko a sayar ke nan. Ya cike gurbin da na gangar da ke bi mata, ita ma ya cike ta da na wadda ta fi ta, haka har a kai babbar, wadda ita ce ake zuba wa sabon dafaffen ruwan bana. Ba a taɓa juye ganga duka. Dattijon ya ce abin da yake fitarwa a shekara bai fi lita ɗaya da 'yan kai ba, daga duk wannan jeren.

Ƙananan gangunan biyu na mahaifiyarsa ne, da su ta zo gidan aure. Al'adarsu ce ta da, in an haifi 'ya mace sai uba ya fara mata jeren ganguna, kafin ta isa aure khal ɗin ya nuna, ya shiga cikin kayan ɗakinta. Shi ma ya fara wa jikarsa nata a ɗaya kusurwar, yarinyar ko makarantar firamare ba ta gama ba. Ya faɗa mini ba tare da wata damuwa ba cewa ba ya tsammanin zai ga ranar da wannan jeren zai cika shekara 25, amma duk hunturu yana hawa ya cike shi.

Sai ya kunna kyandir. Ya zura dogon bututun gilashi a ƙaramar ganga, ya tsotso kaɗan, ya zuba a wata 'yar kwalba mai ƙaton ciki da siririn wuya. Ya ɗaga ta tsakanin idonsa da harshen wutar, ya juya ta a hankali. Abin da ka ɗauka baƙi ne ƙirin, a gaban wuta sai ka ga ruwan ƙasa ne mai duhu, yana sheƙi, wutar tana ratsa shi tas ba gurɓi. Ya ce in dubi yadda yake manne wa gilashin yana gangarowa a hankali, da haka ake gane kaurinsa. Wanda ya cika ruwa bai nuna ba, wanda ya daskare ya ƙi motsi an dafa shi fiye da kima ko an bar shi ya ƙafe. Daga nan ya kai hancinsa bakin kwalbar, ya shaƙa, ya janye ya huta, ya sake. Ya ce shaƙar farko tsamin ne ke bugun hanci, sai a ta biyu da ta uku ake jin abin da ke ƙarƙashi.

Ya ɗiga mini ɗigo uku a cokalin tangaran, don na ƙarfe yana sauya ɗanɗano. Ya ce kada in haɗiye da wuri, in shafa shi da harshe ko'ina a baki. Yaya, abin da ya fi kusa da shi a wajenmu shi ne a ce an dafa dabino da tsamiya tare har suka zama abu ɗaya. Zaƙin ne ke fara zuwa, kafin ka ce ya yi yawa tsamin ya taso ya tare shi, sannan ƙamshin itacen ya biyo ta hanci. Na haɗiye, na sauko ƙasa, muka sha kofi, amma ɗanɗanon bai bar bakina ba. Don in gane bambanci ya ba ni na babbar gangar. Wannan tsaminsa yana da kaifi, yana sukar maƙogwaro, zaƙin yana gefe guda tsamin yana gefe guda, ba su saba da juna ba tukuna. Ruwa ɗaya ne, inabin gona ɗaya, shekaru ne kawai a tsakaninsu.

To, a nan ne maganar da nake son ka ji take. Duk wannan ƙwarewar, duk tsufan gangunan, dattijon nan ba shi da ikon ya zuba khal ɗinsa a kwalba ya rubuta sunan balsamiko na gargajiya na Modena ya sayar. Sai ya kai shi an ɗanɗana. Mutum biyar ne ke zama, waɗanda suka yi shekaru suna koyon aikin, an jarraba su mataki-mataki. Ana ajiye musu samfurin da lamba kawai, ba su san na wane ne ba, ko na attajiri ko na tsohon lebura. Kowa ya duba a gaban kyandir, ya shaƙa, ya ɗanɗana, ya rubuta makinsa shi kaɗai. Jimillar maki 400 ne. Sai khal ya samu 229 kafin ya shiga ajin mai shekara 12, sai ya samu 255 kafin ya shiga ajin mai shekara 25. Suna neman a ji zaƙi da tsami sun daidaita, a ji ɗanɗanon ya daɗe a baki, kuma suna farautar aibi: ƙauri, warin fumfuna, ɗanɗanon ƙarfe, ɗaci. Bayan haka akwai gwajin na'ura na yawan tsami da kauri.

Wanda ya faɗi, a mayar wa mai shi abinsa, ya koma da shi ganga ya ƙara jira. Dattijon ya ce an taɓa mayar masa da nasa, suka ce tsamin ya rinjayi zaƙin. Ya yi kwanaki ransa a ɓace. Da ya sake ɗanɗanawa a natse ya ga gaskiyarsu, ya gyara yadda yake cike gangunan. Wanda ya ci kuwa, ba a gidan mai shi ake ɗura shi ba. Akwai wurin ɗuri da hukuma ta amince da shi, can ake zubawa a rufe da hatimi mai lamba. Kwalbar iri ɗaya ce ga kowa, mai zagayayyen ciki da gindi mai kusurwa huɗu, wadda Giorgetto Giugiaro ya zana, mutumin da ya zana motar Golf ta farko. Babban kamfani da ƙaramin iyali duk kwalba ɗaya. Tun shekarar 2000 Tarayyar Turai ta ba wa sunan kariyar doka, alamar da suke kira DOP. Saboda haka mutumin da ke Tokyo ko New York, wanda bai taɓa ganin dattijon nan ba kuma ba zai taɓa gani ba, yana ganin kwalbar da hatimin zai zaro yuro 100 ya biya hankalinsa kwance.

Akwai ma gasa. A garin Spilamberto, inda ƙungiyar masu wannan sana'a take tun shekarun 1960, duk watan Yuni ana bayyana wanda ya zo na ɗaya cikin samfura fiye da dubu da iyalai ke kawowa, yawancinsu ma ba sayarwa suke yi ba. Ana shafe makonni ana tankaɗe da rairaya. Wanda ya ci, alƙalan su je gidansa su buga wa gangarsa tambarin wuta. Abin ya samo asali da nisa: wani malamin coci mai suna Donizone ya rubuta cewa a 1046 Sarki Henry na Uku na Jamus, a hanyarsa ta zuwa Rum, ya aika wa mai mulkin Kanosa yana roƙon khal ɗin yankin, kuma sarakunan gidan Este da suka mayar da fadarsu Modena a 1598 suna da nasu gangunan a hasumiyar fada.

Kada ka ɗauka a nan babu rufa-ido. In ka shiga babban kanti za ka ga kwalabe jere an rubuta balsamiko na Modena, rabin lita ƙasa da yuro 5. Shi ma yana da rajistarsa tun 2009, alamar IGP, amma wani abu ne daban. Ana haɗa shi da khal ɗin giya, an yarda a sa masa ƙonannen sukari har kashi 2 cikin 100 don ya yi duhu, kuma kwana 60 a ganga ya isa. Ana yin wajen lita miliyan 90 zuwa 100 nasa a shekara, galibi a fitar waje, alhali na gargajiyan kwalabe dubu ɗari da ɗoriya ne a shekara. Baƙo yakan saya yana ganin ya samu na shekara 25 a araha. A 2019 kuma kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa kamfanin wata ƙasa yana iya kiran nasa balsamiko muddin bai ce na Modena ba ne. A ganina sunayen biyu sun yi kama fiye da kima, kuma masu araha suna cin albarkacin masu jira. Sai dai ko a nan, in ka juya kwalbar ka karanta, an rubuta maka abin da ke ciki. Ba a yi maka ƙarya ba, kai ne ba ka karanta ba.

Haka suke yi wa cukunsu, Parmigiano Reggiano. Curi ɗaya yana kai kilo 40, madara wajen lita 550 ke shiga cikinsa. Sai ya yi wata 12 kafin mai duba ya zo da 'yar guduma ya ƙwanƙwasa shi ta ko'ina yana saurare. Da kunne yake gane ko akwai rami ko tsaga a ciki. Mai kyau a buga masa tambarin wuta, mai aibi a kankare rubutun da ke jikin ɓawonsa don kada a sayar da shi da sunan. Yardar da aka yi da wannan tambarin ta kai wani banki, Credem, yana karɓar cukun a matsayin jingina tun 1953, yana ajiye shi a rumbunansa yana ba manoma bashi.

Ko a kayan yau da kullum haka abin yake. Kowane ƙwai an buga masa lamba, daga ita za ka san ƙasar, da gonar, da ko kazar a keji take ko a sake. Kwalbar zuma dole ta faɗi ƙasar da aka ɗebo ta. Farashi yana rubuce da kilo, mai shago dole ya ba ka rasit ko burodi ɗaya ka saya, sabon kayan lantarki kuma yana da garantin shekara biyu bisa doka.

Amma wallahi akwai inda muka fi su nesa ba kusa ba. Famfo ya lalace maka a nan, sai ka yi mako biyu kana jiran mai gyara, in ya zo kuɗin zuwansa kaɗai ya isa cefanen kwana uku. Ƙananan shaguna su rufe da ƙarfe ɗaya na rana sai wajen uku da rabi. Tsakiyar Agusta gari ya watse, kowa ya tafi hutu. Waya ta samu matsala su ce ka sayi sabuwa, abin da yaro a Farm Centre zai gyara maka kana tsaye. Tela sai mai kuɗi. Tumatirin hunturu ja ne a ido, a baki ruwa. Mangwaron da ake kawowa an tsinke shi ɗanye, ba ya ƙamshi. Ba ciniki, ba gyara, ba wanda zai ba ka kaya ya ce ka kawo kuɗin ranar Juma'a. Kuma bayan wasu kayan gonar nasu akwai gumin 'yan'uwanmu baƙi da dillalan ƙwadago ke cuta, musamman a gonakin tumatir na kudu, har sai da aka yi doka ta musamman a kan haka a 2016. Hatimin da ke jikin kwalba ba ya faɗin wannan.

Abin da ke ci mini rai shi ne, harshen da waɗannan alƙalan biyar suke da shi, muna da irinsa. Hajiya tana shinshina daddawa ta gaya maka ko kalwar ta nuna ko an gaggauta ta. Kai kanka kana damƙar riɗi ka san na bana ne ko na bara, ka san an yayyafa masa ruwa ko an cuɗa da yashi. Masu kilishin Agadasawa sun san naman da zai yi da wanda ba zai yi ba tun yana jikin sa. Matan Maiduguri sun san humrar da ta kwana biyu a kwalba ta fi sabuwa, kuma suna sayar da ita a haka. Amma wannan sanin yana tsayawa ne tsakanin mutum biyu da suka san juna. Da kayan ya bar hannunka ya tafi Legas, mai saye ba shi da abin riƙewa sai rantsuwar mai sayarwa. Shi ya sa mai zuma ta gaskiya da mai narka sukari suke zaune a layi ɗaya suna kiran farashi ɗaya, har mai gaskiyar ya gaji ya bi sahu.

Ka tuna abin da ya faru da wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwari da aka samu a ciki fiye da kima, kuma aka yi ta sabunta hanin shekara da shekaru. Ba kowane ɗan kasuwa ne ya zuba fiya-fiya a buhu ba, amma wake ɗaya ke ɓata gari, kuma ba mu da wata alama da za ta raba buhun mai tsoron Allah da na wanda ba ruwansa. Maƙwabtanmu sun fara gane hanya. A Kamaru barkonon Penja da farar zumar Oku sun samu irin wannan rajista tun 2013, barkonon ma Turai ta amince da sunansa a 2022. A Nijar an yi wa albasar Galmi da kilishi rajista. Ka san sarai ana yin kilishi a Kano da ba ya jin kunyar na kowa.

Ban manta da bambancin hali ba. Mutum yana iya barin dukiyarsa a ganga shekara 25 ne in yana da albashi ko fansho da zai ci, kuma in ya san kuɗin ƙasarsa ba zai narke kafin lokacin ba. A wajenmu manomi yana sayar da amfaninsa tun a gona saboda bashin taki, ɗan kasuwa kuma jarinsa in ya kwana wata uku bai juya ba ya ragu. Su ma nan jiran yana da haɗari. A watan Mayun 2012 girgizar ƙasa ta auka wa arewacin lardin nan, mutane suka mutu, ganguna suka faɗo suka fashe, khal na kaka da kakanni ya malale a ƙasa, curin cuku dubu ɗaruruwa suka zube daga kan katako. Don haka ba ina cewa mu fara ajiye kaya shekara da shekaru ba ne. Abin da za mu iya ɗauka gobe-goben nan shi ne alƙalan da ba su ne masu sayarwa ba.

Game da zumarka, gaskiyar magana shigo da ita Turai don sayarwa ba aikin ɗan kasuwa ɗaya ba ne. Sai ƙasar da ta fito tana cikin jerin waɗanda aka amince da tsarinsu na gwajin guba da magunguna, sai kuma takardar lafiya ta hukuma ta rako kayan. Kilishi kuwa ko a jakar hannu ba a yarda ba, ƙwacewa suke yi a filin jirgi. Shawarata ka fara da kasuwar gida. Ku haɗu ku masu zuma ta gaskiya, ko ku goma ne. Ku nemo mutum biyar da suka san zuma amma ba sa sayar da ita, tsohon mai amya, mai maganin gargajiya, malamin jami'a da ke da damar gwaji. A riƙa kai musu samfuri da lamba, ba suna. Wadda ta ci a ɗura ta a wuri ɗaya, a kwalba iri ɗaya, da hatimi mai lamba da sunan garin da aka ɗebo ta da watan da aka ɗeba. Wuyar abin tana ranar da zumar shugaban ƙungiya ko ta surukinsa za ta faɗi. In aka mayar masa da abinsa kamar yadda aka mayar wa dattijon nan, cikin 'yan shekaru masu kuɗin Abuja da Legas za su riƙa neman kwalbarku da suna, su biya ninki ba tare da ciniki ba. In aka ce a yi masa kara, gara ma kada ku ɓata kuɗin buga hatimin.

Akwai wani ɗan'uwa da zai zo gida kafin azumi, zan ba shi kwalba ɗaya ta mai shekara 12 ya kawo wa Hajiya. Ka gaya wa su Anti kada a zuba shi a tukunya, wuta tana kashe ƙamshinsa. Ɗigo uku ko huɗu ya isa a kan gasasshen nama bayan an sauke, ko a kan soyayyen ƙwai, ko kwaɗon latas. Na gwada shi a kan tsire, ya karɓe shi sosai, sai dai a rage yaji. Ba ya buƙatar firij, a rufe shi da kyau a ajiye inda rana ba ta kaiwa, nesa da turare, zai yi shekaru bai lalace ba. Kai kuma ka turo mini farashin riɗi da zoɓo na wannan makon, akwai wani ɗan Maroko mai shago a nan da yake tambaya.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida yara da mutanen layi. Wassalam.